Kira Na Uku

A gidanmu ni aka sani da nauyin barci. Tun ina yarinya haka nake. Ƙannena sukan kama bakin tabarmar da nake kai su ja ni har gindin rijiya, in farka da hantsi in yi ta zuba musu masifa. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin aibi ba. Cewa nake yi duk wanda motsin kaza ke tayarwa, shi ya san abin da ya ɓoye a ransa, ni dai zuciyata wasai take.

Haka nake har daren da Baba ya rasu. Lokacin shekarata biyu da dawowa gida a unguwar Arawa, bayan aurena ya mutu, ina riƙe da ɗan shagon kayan ɗinki a Kasuwar Gombe, zare da zif da maɓalli da allurar keke. Ƙannena duk sun kama gabansu, wani yana Bauchi, wata tana aure a Yola, autanmu yana Kaduna. Mu uku muka rage a gidan, Baba da Inna da ni. Ƙofar ɗakina tana kallon tasu, abin da ya raba mu tsakar gida ne mai taku goma da igiyar shanya. A daren numfashi ya sarƙe wa Baba. Inna ta fito ta yi ta dukan ƙofata har hannunta ya kumbura, ni ko motsi. Da ta ga babu alamar zan tashi, ta fita ta buga wa maƙwabtanmu, wasu Ibo da muka haɗa katanga da su shekara da shekaru. Matar, wadda duk layin ke ce wa Madam, ita da mijinta suka fito da mota. Kafin a ɗauko shi rai ya yi halinsa. Madam ce ta kewayo ta taga ta watsa mini ruwa, na tashi ina tambayar ko an kira sallah.

Babu wanda ya ce mini laifina ne. Inna kuwa ko sau ɗaya ba ta ɗaga maganar ba. Amma ranar uku, ina raba wa masu gaisuwa ruwa, na ji wata goggonmu tana ba da labarin daren, ta rage murya ta ce, “Allah sarki, ita tana ta barci.” Ba da mugunta ta faɗa ba, na sani. Na ajiye kofunan na shige banɗaki, na daɗe ban fito ba.

Bayan sadakar arba'in kowa ya koma inda ya fito, gida ya rage daga ni sai Inna. Ga ta da hawan jini, ga gwiwoyi da suka fara gardama. Daren farko da muka kwana mu biyu, na bar ƙofata a buɗe, na kwanta ina kallon labulen ɗakinta. Tunani ɗaya ne a kaina: in na rufe ido, ita ma wani abu ya same ta, wa zai ji? Barci ya zo yadda ya saba zuwa, ya fara jan ƙafafuna, sai na zabura kamar wadda ta taka rami a duhu. Na sake kwanciya, ya sake zuwa, na sake zabura. A makon farko ni ce nake korar barci da gangan. Daga baya ko na roƙe shi ba ya zuwa. In na samu awa ɗaya kafin asuba, ranar na ci riba.

Wanda bai taɓa rashin barci ba, zai ɗauka dare ne mafi muni. La'asar ce. Da zarar inuwa ta tsallaka layinmu na kasuwa, masu shaguna suka fara shigar da kaya, sai gabana ya fara faɗuwa. In dawo gida in yi tuwo, in ba Inna maganinta, in yi isha'i, in share inda na riga na share, in wanke kwanon da ba shi da datti, duk don kada in shiga ɗakin. Katifata mai laushi, wadda na zaɓa da kaina, na koma ina harararta kamar mun yi faɗa.

Na haddace daren Arawa kaf. Ƙarfe tara su Madam za su yi waƙoƙin addu'arsu, muryar mijin can ƙasa, ta yaran a sama, su rufe da amin. Sha ɗaya janaretan mai shagon caji na bakin titi zai mutu, sai ka ji kunnenka ya buɗe. Daga nan sai manyan motoci jefi-jefi, sai karnuka, sai 'yan sintiri. Su suna da wani ƙarfe da suka rataya a jikin bishiya, kowace awa su buga shi daidai adadin lokacin. Sha biyu ba ta da ban tsoro, bugun yana da yawa, kana jin akwai mutane a waje. Ƙarfe ɗaya ne ba na so, bugu guda ƙwal, sai shiru. Tsakanin bugu da bugu kunnena yana ɗakin Inna. In ta yi tari in ji sanyi. In ta daɗe ba ta yi ba, in tashi ba takalmi in tsallaka tsakar gida, in tsaya a bakin labulenta har sai na ji fitar numfashinta.

Gari ya waye kuma a fara yi maka ina kwana. Ban taɓa lura da yawan tambayar da muke yi wa juna a kan kwana ba sai da nawa ya lalace. Ina kwana, an tashi lafiya, ya kwanan gida. Dangin Inna in sun shigo da nono su ɗora nasu da Fulatanci, a wali jam, in ce jam. Kowa ka ce masa lafiya lau, kana ji kamar ka shaƙe shi. A shago kuwa na zama abin dariyar teloli, mutum ya ce zare baƙi in miƙa masa shuɗi. Wani tsohon tela ya ce ko dai sabon miji ne ya hana ni barci, na ce ya ɗauki allurarsa ya ba ni wuri tun ban soka masa ita ba. Da labari ya bazu sai na gane kowa a Gombe likitan barci ne. Wannan ya ce nono da zuma, wancan ya ce in daina shayi, wata ta kawo mini rubutu a gora. Duk na yi. Har hayaƙi an yi mini, na kwana ina tari ido biyu.

Wajen wata na huɗu kunnena ya fara kawo mini abin da babu. Da farko daka nake ji, lugude sosai na mutum biyu, da tsakar dare, daga wajen kwarin da ke bayan layinmu inda babu gida ko ɗaya. In na ɗaga kai daga filo sai ya tsaya, in na mayar ya ci gaba. Sai kuma takun silifa a tsakar gida, a hankali, daga rijiya zuwa kicin, irin tafiyar wanda ya san gidan. Na haska tocila ban san iyaka ba, ban taɓa ganin komai ba sai zannuwan da ke kan igiya. Waɗannan duk na iya zama da su. Abin da ban iya ba shi ne daren da aka kira sunana.

A nan sai na faɗi wace ce Inna, in ba haka ba ba za a gane ba. Bafulatana ce, a ruga ta tashi, aure ne ya kawo ta gari. Ni ce 'yarta ta fari, kuma a wajensu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce. Mutanen gari ma suna yi, amma nata ya wuce na kowa. Shekarata arba'in da ɗoriya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son ruwa sai ta dubi bango ta ce, mai ɗakin can, randar nan ta yi ƙasa. Akwai ranar da na yi zazzaɓi ina ƙarama ta kai ni asibiti ita kaɗai, mai rubuta kati ya tambayi sunan yarinya, ta sunkuyar da kai ta yi shiru har sai da ni da kaina na faɗa, jikina yana rawa. Ko a daren Baba, hannu ta sa ta daki ƙofa, ba ta kira ba. Ban taɓa jin haushin wannan ba, na san tana so na. In ta raba nama, tsokar da ta fi kyau takan faɗo a kwanona kamar bisa kuskure.

Saboda wannan kunyar ne ma ta ƙi yarda in kwana a ɗakinta. Na roƙa, ta gaya wa bango ɗakin ya yi mata kaɗan. Na saya mata waya na nuna mata maɓalli ɗaya da za ta danna, ta naɗe wayar a leda ta sa a ƙasan kwalla don kada ta lalace. Daga ƙarshe na ajiye mata kwanon sha na ƙarfe da cokali a gefen filo, na ce in wani abu ya taso ta buga. Wannan kam ta karɓa, don ba ya buƙatar baki.

To, a daren da nake faɗa, an buga ƙarfe biyu ke nan, sai na ji sunana. Ba cikin kaina ba, daga waje, daga wajen ɗakin Inna, kuma da muryarta, har da yadda harshenta ke lanƙwasa Hausa. Sau ɗaya. Ban san lokacin da na tsallaka tsakar gida ba. Na same ta tana barci, hannu ƙarƙashin kunci, kwano da cokali suna inda na ajiye su. Na dawo na zauna a bakin katifa har aka kira assalatu. Bayan kwana uku aka sake, na sake rugawa, tana barci. A karo na gaba ta buɗe ido ta ga mutum tsaye a kanta da tocila, ta saki salati, ta ja mayafi. Da ta gane ni ce, ta juya wajen bango ta ce a gaya wa mai ɗakin can ta daina tsaya mata a ka kamar mai jiran gawa.

Maganar ta yi mini zafi, har na faɗi abin da ban yi niyyar faɗa ba. Na ce ai ke kike kira na. Na gaya mata komai, muryar da sunan. Inna ta tashi zaune a hankali. Ta ce a rugarsu ko yaro ya san ba a amsa kiran dare sai an yi sau uku. Ta ce akwai abin da ke yawo, ba ta faɗi sunansa ba, yana aron muryar wanda ka fi yarda da shi. Yakan kira sau ɗaya, wani lokaci sau biyu, amma ba ya iya na uku. Wanda ya amsa, to ya ba shi hanya. Ta ce wani ƙanin babanta ya amsa a wajen kiwo, da safe aka tsinci sandarsa da takalminsa a bakin rafi, shi kuma sai bayan kwana biyu aka same shi zaune a gindin tsamiya, bai san kowa ba. Sai ta gyara mayafinta, idonta a bango, ta ƙara da cewa:

“Kuma ni yaushe na taɓa faɗin wannan kalmar?”

Wallahi wannan ya fi labarin ƙanin babanta tayar mini da tsikar jiki. Gaskiyarta. Ko mene ne, ya san sunana, ya san muryar Inna, ya san ɗakin da take, amma bai san halinta ba. Na koma ɗaki na rufe ƙofar da na yi wata huɗu ban rufe ba, na jingina da ita, sannan na tuna dalilin barinta a buɗe, na sake buɗewa.

Madam ce ta kai ni asibiti. Robobi da tukwane take sayarwa a kasuwa, layi biyu daga nawa, kuma Hausa a bakinta ta fi ta wasu 'yan gari. Ta tare ni wata safiya a bakin ƙofa ta ce idona ya zurma, kuma tana jin takuna ta katanga duk dare. Na gaya mata. Na ɗauka za ta yi dariya, sai ta kama kunnenta ta ja, ta ce a ƙauyensu ma ba a amsawa, kakarta har gwaɓe bakin yaro take yi in ya amsa. Amma ta ce duk da haka in shirya, gobe da safe za mu ga likita, don ba za ta zauna tana kallo in haukace mata a jikin katanga ba.

Likitan ya saurare ni har na gama. Ya ce ƙwaƙwalwar da ta daɗe ba ta huta ba takan fara mafarki ido biyu, kuma abin da mutum ya fi tsoron ji shi take fara kawo masa. Ya ce duk lokacin da na zabura na tafi dubawa, ina ƙara koya wa jikina cewa dare lokacin gadi ne. In na ji, in kwanta abina, in ja numfashi, zai wuce. Ya rubuta mini wasu ƙananan ƙwayoyi. Na tambaye shi ko in na sha zan ji in an buga kwano a ɗakin da ke kallon nawa. Ya ce ba lallai ba. Na jefa maganin a aljihun jaka ban ɓallo ko ɗaya ba, amma shawarar na riƙe ta. A hanyar dawowa Madam ta ce tsohuwa ta ce kar in amsa, likita ya ce kar in tashi, ita ma ta faɗa, to me kuma nake jira.

Kuma abin ya yi aiki, wannan ne abin haushin. Na yi wa kaina doka: kwano ne kawai zai tashe ni, ko kira uku. In sunan ya zo, sai in runtse ido in karanta abin da ya sawwaƙa, in ƙi motsi. Ba ya wuce sau ɗaya. Da safe in tarar da Inna a kan dardumarta da carbi, lafiya lau. A hankali dakan ya daina, takun silifar ya yi nisa. Na fara samun awa biyu, wata rana uku. Teloli suka ce na dawo hayyacina. Har na fara ba wasu shawara a kasuwa, ni ma na shiga sahun likitocin barci.

Cikin damina ne. An yi ruwa tun magariba, ya tsagaita wajen sha ɗaya, wuta kuwa tun da hadari ya haɗu aka ɗauke ta. Kwaɗi sun cika kwari da kuka, indararo yana ɗiga a bokitin da na tara. Ina kwance ido biyu na ji an buga ƙarfe biyu. Can sai na ji wani abu kamar an sauke buhu a ƙasa, ba da ƙarfi ba. Na ce katangar wani ce ta jiƙa ta zube, a damina ba abin mamaki ba ne a wajenmu. Sai sunan ya zo.

Daga inda ya saba zuwa ya zo, da muryar da ya saba. Sai dai a wannan karon muryar tana ja, kamar mai magana da abu a baki. Na ce a raina, yau kuma da sabon salo ka zo. Na runtse ido na fara karatu. Na kasa kunne ko zan ji kwano, babu kwano, sai ɗigar ruwa.

An ɗauki lokaci, har na fara sakin jiki, sai aka sake kira. Wannan karon ba sunan da kowa ke kira na da shi ba ne, cikakken sunan yanka ne, wanda ba na gani sai a takarda. Bai taɓa yin biyu ba. Na damƙe bakin katifa da hannu biyu, ƙafata ɗaya har ta sauka ƙasa, na mayar da ita. Na tuna mutumin nan na gindin tsamiya. Na tuna likita. Na ce to, saura ɗaya, in aka yi na uku zan tashi ko me zai faru. Na kwanta idona a kan labulenta, ina hango farinsa a duhu. Na ga kamar ya motsa, na ce iska ce. Aka buga ƙarfe uku ina nan ina jira.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ban iya yafe wa kaina ba. Barci ya ɗauke ni. Ba irin na awa ɗaya mai zabura ba, barcina na da, mai nauyi, mai daɗi, wanda na kusa shekara ina nema. Ban ji assalatu ba, ban ji sallah ba. Da na buɗe ido rana ta riga ta hau katangar su Madam. Na yi miƙa, jikina sakayau, har murmushi na yi. Na fito da niyyar in gaya wa bango, don Inna ta ji, cewa yau mai ɗakin can ta yi barci.

Butarta na fara gani, a inda na cika na ajiye mata da daddare, ba a taɓa ba. Sannan labulen, ya tsinke daga ƙusa ɗaya yana lilo. Tana kwance a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, a kan gefenta na dama, zanenta a jiƙe, bakin labulen a cikin hannunta na hagu. Bakinta ya karkace. Idonta a buɗe, yana kallon ƙofar ɗakina. Kwano da cokali suna can kan gado gefen filo, inda ko da lafiyarta sai ta miƙe za ta kai. Da ta gan ni ta yi ƙoƙarin jan zane ta rufe ƙafarta.

Su Madam ne suka sake fito da mota. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Wani likita, ba wancan ba, ya tambaye ni ƙarfe nawa abin ya faru, ya ce a irin wannan ciwon awannin farko su ne komai, da an kawo ta da wuri da akwai abin da za a gwada. Na san har bugun ƙarfen da aka yi, amma na ce ban sani ba. Ƙannena suka iso ɗaya bayan ɗaya, na ji ƙanwata ta Yola tana gaya wa mijinta a waya cewa Adda ce, wato ni, da barcin nan nata. Ban gyara mata ba. Ya fi mini sauƙi a ce ban ji ba. Madam kaɗai ta dube ni a barandar asibiti, ta je ta sayo mini ruwa.

Sati uku muka yi aka sallamo mu. Hannun dama da ƙafar ba su dawo ba, magana kuwa ta dawo kaɗan-kaɗan, kalma ɗaya, biyu, a karkace. Na shimfiɗa tabarma a ɗakinta, wannan karon ba ta gaya wa bango komai ba. Ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka, tana rufe ido har in gama. Duk wannan lokacin akwai ɗan abin da nake lallashin raina da shi: wataƙila ba ita ba ce. Wataƙila ta faɗi ne can gab da asuba ina barci, kiran kuwa na wancan abin ne, ko na ƙwaƙwalwata. In haka ne, to laifina tsohon laifi ne, wanda na riga na saba da nauyinsa.

Wata Juma'a da hantsi ina ba ta kunu, gidan shiru, na kasa ci gaba da riƙewa. Na ajiye cokalin na tambaye ta ko a daren nan ta kira ni. Ta kawar da kai wajen bango. Can ta ɗaga hannun hagu, ta nuna yatsu biyu.

Na ce, “Inna, ke kika ce sai uku. Da bakinki kika ce. Wallahi idona biyu, ina jira. Me ya hana ki na uku?”

Ta daɗe tana haɗa maganar, leɓenta yana rawa, yawu yana bin gefen bakinta. Na goge mata.

“Na ji kunya,” ta ce.

Na kifa kaina a bakin gadon na yi kuka har kunun ya huce. Da na ɗago na ce mata to ta faɗa yanzu, ga rana, babu kowa, sau ɗaya kawai in ji shi ina kallon bakinta. Ta dubi kofin, ta buɗe baki tana jiran cokali. Na ba ta.

Tana nan da ranta har yanzu, ita a kan gado, ni a ƙasa, tsakaninmu bai kai kamu biyu ba. Barcina bai dawo ba, na ma daina nemansa. Wani daren sunan yakan zo, da muryarta, ba daga gadon ba, daga tsakar gida, ina kallon bakinta a rufe a hasken fitila. Ba na jiran na biyu. Na'am nake cewa, a fili. Wani lokaci amsar takan tashe ta, ta buɗe ido ta dube ni, kuma ba ta taɓa tambayata wa nake amsa wa ba.